Waya Cikin Aljihu, Liman Bisa Mumbari

…kuma dubi ƙeyar nan. Ƙeyar Mutawakkil, sahun gabana, a natse awa tulun da anka aje inuwa. Akawun ƙaramar hukumar Kebbe! Mutumin da ya biya kuɗi anka koya mashi cinikin dala ta waya, har da takardar shaida. Takarda! Ni aji biyar na aje biro, kuma wa ya fara nuna ma Tambuwal duka yadda kyandir kore na allon farashi ka hawa in ana riba? Wa?

Cinyata. Wayar ta motsa.

Ba komai. Gaisuwa ce.

Taka shuɗiya, Mutawakkil, manhajar tsofaffi ce. Kafin ka shiga kasuwa ta yanki ladanta mai kauri, awa dillalin kara. Ka danna saye, ta ce ka tabbata? Ka sa birki? Birki! Wai in farashi ya juya ta fid da kai da kanta. To mi ya rage na namiji? Tawa ja — lada siriri awa zare, danna ka shige, naira ɗaya ta ara maka ƙarfin dubu. Sana'ar ga ta shaho ce. Sauko, wabce, tashi. Minti guda. Wa ya taɓa ganin shaho da birki?

Minti guda nika so. Wurin alwalla, ƙafar hagu ba ta ko bushe ba, na sayi yuro da dala, in ɗan wabci na cefane kafin labarin ayyukan yi na Amurka shi fito shi girgiza kasuwa. Juma'ar farkon wata, ɗaya da rabi, na sani, ni na koya ma kowa. Na danna rufe… sabis shina juyi, shina juyi… sai hannu bisa wuyan hannuna. Kawu Ɗangiwa.

«Ziyadu, wuce gaba.»

Ga ni gaba. Ya zauna bisa bakin rigata da gangan, tsohon ga. Tun ran da na musanya takalman masallaci duka, na hagu can, na dama nan, Alhazawa na ɗingishi har bakin tasha — wallahi ko yau anka tuna sai an yi dariya — tun ran nan Juma'ata ƙarƙashin gwiwarshi take. In ce alwalla ta karye? Na yi mashi wagga sau biyu. Shina sane.

Ta kuma motsawa. Sau biyu a jere.

Liman na maganar amana. Ko tsakuwa ka taɓa lokacin huɗuba, ladan Juma'a ya tafi, balle waya. Wa ya sa Amurkawa fid da labarinsu daidai hawan mumbari? Ba su da wata rana? Mutanen da ba su san garinmu Jabo ba, ba su san ni ba, su buɗe baki can, mashin ɗina shi girgiza nan…

Mashin. Inna na cewa shina wurin bakanike Sanyinna. Sanyinna! Wata guda ana gyaran kulochi. Shina cikin aljihun ga, Inna, da tayoyinshi da madubin da na liƙa ma hoton zaki, duka na sayar na zuba cikin ja. Kabu-kabu sana'ar wahala ce, na ce ma majalisa, ku jira ku ga mota.

Hanyar Kebbe, damina, kai Mutawakkil bisa bayana kana riƙe da hula, kana cewa — Ziyadu, jar nan in labari ya fito sanƙarewa takai, farashin da ka danna daban, wanda za ta ba ka daban — na nufi kududdufin nan da gangan. Farar shadda! Ka shiga ofis awa wanda ya fito ginar rijiya. Na ba da labarin sau nawa? Matsoraci. Mai cin riba awa kaza, ƙwaya ɗai-ɗai. Shuɗiyarku har da lambar da za ka kira mutum shi amsa. Mi zan yi da mutum? Ni jariri ne?

Tawa in ka rubuta masu… wani abu ka amsawa. Na gode da haƙurinka. Kullum na gode da haƙurinka.

Tana rawa yanzu. Ba ta tsayawa. Kawu ya kalli cinyata, ya kalli fuskata. Na ɗaga kai sama awa mai tsoron Allah.

Ƙila hawa takai. Mi ya hana? Ƙila kore ne tun daga ƙasa har sama, in fita in tarar da mashin uku, in saya ma Kawu sabuwar darduma shi bar zama bisa tufafin mutane. Sai dai ja ba ta kiran mutum don murna, sai gargaɗin kuɗinka na ƙarewa. Ban taɓa jin ta kira don murna ba.

Kai ma ka shiga yau, Mutawakkil, na gan ka bakin famfo kana latsawa. Ka sa birkinka, ka jefa aljihu, ka shigo kana sauraren huɗuba awa… awa mai sauraren huɗuba. Ƙeyar ga ko gezau. Tir.

Iƙama. A daidaita sahu. Kafaɗa da kafaɗa, Kawu ya saki riga, ya kama ni da kafaɗa.

Allahu akbar.

Fatiha… wace sura ya ja? Ruku'u. Tana rawa. Sujada, goshina bisa tabarma, ya Rabbi, ba mota ba, bar motar, ko taya guda… ko…

Ta yi shiru.

Raka'a ta biyu duka, shiru. Caji ne? Na cika ta wurin Bube mai caji da safe. Sabis? Ko kuwa mai gargaɗi shina barin gargaɗi in babu sauran abin da za a…

An sallame. Dama. Hagu. Mutane na miƙa hannu, ana tashi, hanya ta buɗe har ƙofa, babu mai riƙe da ni.

Hannuna na bakin aljihu. Bai shiga.

Muddin ban duba ba… mashin shina Sanyinna. Ana gyara. Bari in ɗan ƙara zama.