Irin Tumatirin Velika

Kofunan yogot ne jere a bakin taga, kowanne cike da baƙar ƙasa, babu ko ɗaya da ya nuna kore.

Zornitsa ta tsaya tana kallonsu, ko rigar sanyi ba ta cire ba. A waje ƙanƙarar rufi na narkewa tana ɗiga cikin bokiti. Shamuwa ta dawo kan hasumiyar coci, itacen tuffa ya fara kumburo idanu. Lambun bayan gida kuwa yana nan yadda mahaifiyarta Velika ta bar shi kafin ta rasu a farkon hunturu.

"Malama mai digiri, kin zo kama ni?" in ji mahaifinta Nedyalko daga gefen murhu.

"Baba, ka faɗi a tsakar gida, sai da maƙwabta suka ɗaga ka. Ɗaki na jiranka a gidana a birnin Plovdiv."

"Ɗaki ko akwati? Hawa na shida! Ko kaza ma ba za ta yarda ba."

Ta yi murmushi, bai kai ido ba. Ya nuna kofunan da sandarsa.

"Irin uwarki ne, jan tumatirin nan mai girman dunƙulen hannu. Daga kakarki ta gaje shi. Na shuka, na ba su ruwa, har magana na yi musu. Sun ƙi ni." Ya sauke sandar. "In ba su fito ba, zan bi ki. Me zan zauna in tsare?"

Ya buɗe gwangwanin shayi. Ɗan abin da ya rage na irin a ciki bai cika cokali ba.

Zornitsa ta san abin da ya faru. Tana ƙarama, yarinya ce mai laɓewa a bayan ƙofa tana kallon mutane. Ta sha ganin Velika da farkon bazara tana jiƙa tsumma, ta naɗe irin a ciki, ta cusa a ƙirjinta ƙarƙashin riga. Da shi take girki, da shi take kwana, har sai ƙwayoyin sun fasa farin baki, sannan ta sa su a ƙasa. Gidan nan da sanyi, irin ba ya farkawa sai da ɗumin jiki. Nedyalko ya yi shekaru yana kwana kusa da matar, bai taɓa lura ba. Shi dai ya san kofuna.

In ta yi shiru, ranar Lahadi za su hau mota tare. Ba za ta ƙara kwana tana jiran wayar maƙwabta ba.

Ta dube shi. Ya karkata gwangwanin wajen haske yana kallon irin. A wuyan hannunsa akwai zare ja da fari na maraba da bazara, ya ɗaura wa kansa a karkace, don babu mai ɗaura masa.

Ta buɗe durowa ta ɗauko tsohon hankicin Velika, ta jiƙa, ta matse.

"Miƙo, Baba."

"Me za ki yi? Miya?"

Ta zuba irin, ta naɗe, ta gaya masa yadda Velika take yi.

"Shi ya sa take hana ni rungumarta duk watan Maris," ya ce a hankali. "Ni kuwa na ɗauka laifi na yi."

Ya kwance maɓallan rigarsa, ya cusa ƙullin a ƙirji, ya ɗan zabura.

"Kai! Da sanyi."

"Zai yi ɗumi."

Zornitsa ta cire rigar sanyinta ta rataye. Ta ɗauko babbar jakar da ta zo da ita babu komai a ciki, don kayansa, ta tura ta ƙarƙashin gado. Sannan ta fita neman inda mahaifiyarta ta ajiye fartanya.