Ranar da Aka Ɓoye Iliyasu a Cikin Rake

A wata 'yar unguwa da ke bakin rafi kusa da Paki, a zamanin da Turawa ke aika ma'aikata ƙauye-ƙauye suna duba wuyan mutane, an yi wata mata mai suna Hajo. Mijinta Iliyasu manomin rake ne, ƙaƙƙarfan mutum mai ɗaukar dami daga fadama har gida ba tare da ya sauke ba. Suna zaune tare da mahaifiyarsa, Iya Zulai, wadda in ta yi magana a gidan an gama.

Bayan kaka ne abin ya fara. Zazzaɓi ya zo ya tafi, ya sake dawowa, ciwon kai ya biyo baya. Daga nan sai barci. Wata rana da hantsi Hajo ta kawo masa ɗumame, ya yanko loma, ya ɗauko ta har rabin hanya, sai hannun ya tsaya, idanunsa suka rufe. Miya tana ɗiga a gwiwarsa.

"Malam," ta ce. "Malam!"

Ya buɗe ido ya yi mata murmushi kamar ba abin da ya faru, ya kai lomar baki. Da ta zo ɗauke akushi ta kai hannu ƙeyarsa don ta ji zafin jikin, sai ta ji wasu ƙulli-ƙulli ƙarƙashin fata, kamar 'ya'yan kurna. Gabanta ya faɗi. Tun daga ranar faɗuwar gaban nan ba ta rabu da ita ba. Ko daka take yi sai ta tsaya da taɓarya a hannu tana sauraron ko yana motsi a ɗaki.

Iya Zulai ta ce iskokin rafi ne. Aka karɓo rubutu ya sha, aka yi turare, aka yi sadakar waina. Barci dai sai ƙaruwa yake yi.

Ana nan sai mai shela ya zaga unguwa: gobe kowa da kowa, babba da yaro, a hallara gindin tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa, malaman asibiti za su duba wuya. Kafin la'asar labari ya cika gari. Wasu suka ce allura ake sokawa a wuya a zuƙe ruwan jikin mutum. Wasu suka ce wanda aka kama da ciwon, Ikara ake tafiya da shi. Wata mai tallan daddawa ta rantse cewa a wajen Saulawa an yi wa wani mutum allurar, ya tashi ba ya gani.

"Ba za su taɓa mini ɗa ba," in ji Iya Zulai. "Gobe da asuba ki kai shi fadama, ki shigar da shi cikin rake. In an tambaye ki, ya tafi cin rani."

"Iya, da mun bari sun duba shi, ko Allah zai sa a dace."

"Ke kika haife shi? Makaho kike so a maido mini?"

Hajo ta sunkuyar da kai. Ta dubi Iliyasu ko zai ce wani abu, amma ya jingina da rumbu, bakinsa a ɗan buɗe.

Da gari ya waye ta riƙo hannunsa suka gangara fadama, yana tafe yana jan ƙafa. Ta shimfiɗa masa tabarma a tsakiyar rake, daf da duhuwar bakin rafi inda ba mai hango shi, ta ajiye masa buta da ƙwaryar fura, ta koma.

A gindin tsamiya an yi layi biyu, maza daban, mata daban. Wani Bature yana zaune kan kujera gaban tebur, yana leƙa wani madubi mai dogon wuya. Malaman asibiti suna bin layi suna lalubar ƙeyar mutane. Wanda suka ji wani abu a wuyansa sai a ware shi gefe. Haka aka ware Maiwada maƙwabcinsu, aka ware Lantana matar wanzami, da wasu mutum huɗu.

Da layi ya zo kan Hajo, malamin ya taɓa wuyanta ya ce lafiya lau. Sannan ya tambaya, "Ina maigidanki?"

Hajo ta waiwaya. Mai unguwa yana tsaye a gefe, ya kawar da kai yana gyara rawani. Iya Zulai kuwa tana bayanta, har tana jin numfashinta a kafaɗa.

"Ya tafi cin rani, ranka ya daɗe."

Malamin ya ɗan dube ta, ya wuce.

Bayan an gama, babban malaman asibitin ya hau kan turmi ya ɗaga wata kwalba. A ciki akwai wani ƙuda mai launin ƙasa, fukafukansa ɗaya kan ɗaya. Ya ce, "Wannan shi ne ƙudan tsando. Shi ke kawo ciwon barci. A duhuwar bakin rafi yake zama. Ciwon yana da magani in an zo da wuri. In ya hau kai, sai dai abin da Allah ya yi." Aka zaga da kwalbar kowa ya gani. Da ta iso gaban Hajo ta gane shi sarai. Sau nawa ta kaɗe irinsa daga bayan Iliyasu in ta kai masa abinci fadama? Ta buɗe baki za ta yi magana, Iya Zulai ta damƙe mata hannu. Kafin azahar ma'aikatan sun ɗaure kayansu, sun tasa mutum shidan nan gaba.

Hajo ta ruga fadama. Ta tarar da Iliyasu ya mirgino daga tabarma zuwa kan danshin yashi, furar ko taɓa ta bai yi ba. Malam-buɗe-littafi sun taru a wurin, farare da rawaya, sun fi a ƙirga. Wasu sun sauka a ƙafarsa, wasu a bayan hannunsa, ɗaya a goshinsa yana buɗe fukafukai yana rufewa. Ba sa sauka a kan abin da ke motsi, ta san wannan. Ta tsaya cak, ta kasa ƙarasawa, sai da ta ga cikinsa ya ɗaga ya sauka. Nan ta durƙushe tana kuka, suka tashi buu suka koma gefen ruwa.

Bayan kamar wata biyu waɗanda aka tafi da su suka dawo. Lantana ta dawo tana laluben bango, idonta ɗaya ya dushe. Iya Zulai ta ce, "Kin gani ko?" Amma Maiwada ya dawo da ƙafarsa garau, har ya yi ƙiba, kwana uku da dawowarsa ya ɗauki fartanya. Duk safiya Hajo tana jin muryarsa ta bayan danga yana kiran awakinsa, ita kuwa tana ɗura wa Iliyasu kunu da ludayi, rabi na shiga, rabi na bin haɓa. Ya rame, hannuwansa na karkarwa, wani lokaci ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa.

Wata safiya Hajo ta aro jakin Maiwada, ta ɗaura masa akumari don ta kai Iliyasu Ikara. Iya Zulai tana zaune bakin ƙofa tana kallo. Ba ta hana ba. Sai da suka kai bakin zaure ta taso ta ɗora wa ɗanta mayafinta a ka saboda rana.

Maiwada ya raka su, yana tallafe da shi ta gefe ɗaya, Hajo ta ɗaya gefen, don kada barci ya kayar da shi. Sun isa ɗakin magani na Ikara rana ta karkata. Malamin da ke wurin ya duba wuyan, ya ɗaga fatar ido, ya kira sunansa sau uku.

"Tun yaushe yake haka?"

"Tun bayan kaka, ranka ya daɗe."

"Ba a zo garinku duba wuya ba?"

Hajo ta gyara wa Iliyasu mayafi. Maiwada ya dubi ƙasa. Malamin bai ƙara tambaya ba. Ya ce, "Za mu yi masa allura. Amma baiwar Allah, ya riga ya hau kai. Ki yi ta addu'a."

Suka zauna a wata rumfar kara bayan ɗakin maganin, ana yi masa allura duk bayan kwana biyar. Bayan ta uku ya farka sosai wata safiya, ya gane ta, ya tambaye ta ko an sare raken. Ta ce an sare, ko da yake yana can tsaye ya bushe. Ya ce madalla, ya koma barci. Bai kai ga allura ta biyar ba. A nan Ikara aka yi masa sutura.

Hajo ta dawo gida a ƙasa, tana jan jaki ba kowa a kai. Daga nesa ta hango hayaƙi a fadama, an fito da mazan unguwa aikin gayya bisa umarnin hakimi, suna sare duhuwar bakin rafi suna ƙonawa. Iya Zulai ta hango ta daga ƙofar gida, ta dubi bayan jakin, ta zauna daɓas a ƙasa. Hajo ta ɗaure jakin, ta zo ta zauna kusa da ita. Tsohuwar ta ce, "Ni na ce a ɓoye shi." Hajo ta ce, "Ni aka tambaya, Iya." Suna nan zaune har mata suka fara shigowa gaisuwa.