Ranar da Kowa Ya Zama Alhaji

Babana, Alhaji Sabi'u mai atamfa a Kantin Kwari, ya je Makka har ya daina ƙirgawa. Yayansa kuwa, Kawu Goni, ko filin jirgi bai taɓa takawa ba. Tun ina firamare Baba ya yi masa alkawarin kujera, kullum sai "baɗi in Allah ya kai mu". Baɗin ta ƙi zuwa, idon Kawu kuma yana ta dushewa, shi ko burinsa ɗaya ne a duniya: ya ga Ka'aba kafin ganin ya tafi. Da ya gaji sai ya daina tambaya, ya daina zuwa gidanmu ma. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ni Zulfa, ni ke riƙe da kwamfutar shago. A ciki akwai rumbun bayanan masu sayen kayanmu: gurbin suna, gurbin lambar waya, gurbin unguwa. Da shi muke tura saƙon barka da Sallah, kowa da sunansa. Kawu ma yana ciki, da sunan Malam Goni, don yakan lallaɓo ya yanki yadi idan ya tabbatar Baba ba ya nan.

Ana saura kwana kaɗan Ƙaramar Sallah Baba ya leƙo kafaɗata yana gyara tabarau.

"Ke, mene ne wannan? Malam, Malam, Malam! Makarantar allo muka buɗe? A kasuwa kowa Alhaji ne. Ki ce wa mutum Malam, ya tafi shagon gaba a ce masa Alhaji, shi ke nan kin kore shi."

Na ce, "Baba, akwai umarni guda, duk inda ya samu Malam a gurbin suna zai cire ya sa Alhaji. Amma fa ba ya tambayar kowa fasfo. Mu zauna mu zaɓa?"

"Duka!" in ji shi. "Girmamawa kyauta ce, ko sisi ba ta ci."

To, duka ɗin. Na danna, ƙiftawar ido mutanenmu suka sauke farali ba biza ba jirgi. Saƙo ya tafi.

Bayan Sallah, ranar da aka buɗe kasuwa, sai ga Malam Toma daga Sabon Gari, malamin makaranta ne ɗan Zariya, a wurinmu yake ɗaukar ankon matan cocinsu. Tun daga bakin layi yake ƙyalƙyala dariya, waya a hannu.

"Alhaji, ashe ka kai ni Makka ban sani ba! Ga matata Malama Biriskila ma ta koma Alhajia Biriskila. Ta ce in tambayo ina dabinonta da zamzam."

Baba ya dara, maƙwabta suka taru ana ta shewa. Yana cikin cika baki cewa dabararsa ce, sai layin ya yi tsit.

Kawu Goni ne. Ya ci farar shaddarsa ta Idi, yana dogara sanda, yana laluben hanya tsakanin dilolin atamfa. A hammatarsa akwai wani abu a naɗe cikin leda. Rabon da ya shigo shagon alhali Baba yana nan, har na manta.

"Sabi'u," ya ce. "An karanta mini saƙonka. Na sa an sake karantawa. Tunda nake ba ka taɓa ce mini Alhaji ba, ko da wasa. Na san halinka, ba ka iya faɗar abu kai tsaye. Na gane."

Ya warware ledar. Fasfo ne, sabo fil. Ashe duk shekarun nan in ya ƙare sai ya je ya sabunta, bai gaya wa kowa ba.

Wayyo Allah! Ji na yi kamar in shige ƙarƙashin kanta. Malam Toma ya dubi wayarsa, ya dubi tsohon, a hankali ya zura ta aljihu. Shi ya fara magana, yana kallon Baba.

"Kai, Alhaji, Allah ya saka maka. Haka ake zumunci."

Maƙwabta, waɗanda rabinsu saƙon nan na cikin wayarsu, suka ɗauka baki ɗaya: "Allah ya biya, Alhaji! Allah ya ƙara buɗi!" Babu wanda ya ce uffan game da kwamfuta. Baba ya dubi fasfon. Gumi ya keto masa duk da fanka na kansa. Ya miƙa hannu biyu ya karɓi fasfon.

"Ai dama, Yaya," ya ce. "Dama bana na tsara."

Kawu ya rungume shi yana hawaye. Ni ma na yi, ban ɓoye ba.

Da mutane suka watse Baba ya jawo kujera kusa da ni, ya rage murya.

"Wannan abin naki, ana iya mayar da shi yadda yake?"

"Ana iyawa, Baba. Na ajiye na asali. Yanzu kowa zai koma Malam."

"To mayar." Ya daɗe yana juya fasfon a hannu, ya tsaya a kan hoton. A jikin hoton ma idon ya fara yin fari.

"Ban da na Yaya," ya ce. "Bar shi haka."