Mai Rawayar Tuta Ba Ya Waiwaye

Waiwaye ɗaya Malam Fatihu ya yi, bai fi ƙiftawar ido biyu ba, amma kafin ya dawo da kansa wata mota mai launin lemo ta riga ta wulwula a gabansa ta tsaya tana hayaƙi. Ya zura rawayar tutarsa ta tagar shinge yana kaɗawa a gigice. Allah ya taimaka gwajin safe ne, motocin a warwatse suke, wadda ke biye ta samu ta kauce. Direban ya tayar da injinsa ya wuce abinsa.

Ana tsayar da gwajin Linda ta zare na'urar da ke kunnenta ta yafito shi. Ita ce shugabar kwana ta bakwai, dattijuwa 'yar Baltimore, shekara talatin tana tsayuwa a bakin filayen tsere. Ba ta ɗaga murya, kuma ba ta maimaita magana.

"Fatihu, sau uku ke nan tun jiya," ta ce da Turanci. "Mai rawaya ba ya waiwaye, ka sani, kai ma ka koya wa wasu. In ka ƙara zan karɓi tutar, in sa a aiko mini da wani, kai kuma ka cire katin wuyanka ka fita. Ba na so, amma zan yi."

Ya ce ya ji. 

Ƙa'idar aikin ba ta da wuyar fahimta, bin ta ne wahala. A kowace kwana ana tsayar da mutum biyu a bayan katangar kankare da ragar waya, suna fuskantar juna. Mai shuɗiyar tuta yana kallon inda motoci ke tahowa, shi ke gargaɗin direban da wani mai sauri ya taso a bayansa. Mai rawaya kuwa baya yake ba motocin, idonsa na kan hanyar da ke bayan kwanar, inda direba ba ya gani sai ya shigo. Da mota ta juya ko ta mutu a wajen, dole tutarsa ta fito nan take, in ba haka ba na baya su afka mata. Shi kuma tsaron ransa yana hannun abokin aikinsa. In wani abu ya taho, mai shuɗiya ne zai fizge shi.

Mai shuɗiya a wannan rana 'yarsa ce, Radiyya.

Shekara shida ke nan suna wannan aikin sa-kai tare. Shi ya fara kai ta wani ƙaramin filin tsere a West Virginia, kuma tun daga ranar shi ke riƙe shuɗiya, ita rawaya, shi yana tsaron bayanta. Sai ga babban tsere ya zo har tsakiyar Washington, aka tace masu tuta aka sake tacewa, sunansu ya fito su biyu. Ranar Juma'a Linda ta gwada su na minti goma, ta miƙa wa Radiyya shuɗiya. Gaskiya ce da kowa ya sani a West Virginia ban da uban: yarinyar ta fi shi ido. Mota ashirin da biyar, tun daga nesa take gane kowace da launinta da matsayinta.

Malam Fatihu ya yi azahar a kan kwali a inuwar katangar, ya shafa addu'a, ya zauna a kan kular ruwan sanyi yana fifita da hularsa. Zafin Agusta ya jiƙa fararen kayan aikinsa sharkaf. Radiyya ta zo ta miƙa masa ruwa, ba ta zauna ba.

"Abba, me kake dubawa in ka juya?"

"Sabo ne kawai, Ummi." Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba. "Shekara ashirin da biyu ina jan tasi daga filin jirgin Dulles. Direban da ba ya duba bayansa ai ba ya daɗewa a titi."

"Ba sabo ba ne. Da Linda ce a gabanka da ba ka juya ba."

Ya kurɓi ruwan.

"Ni ce ba ka yarda da ni ba," ta ce. Hausarta takan karkace in ranta ya ɓaci, amma yau a miƙe ta fito. "Shekara shida ina ba ka bayana, ban taɓa juyawa ba ko sau ɗaya. Ka zaci ba na jin tsoro ne?"

"Haba Ummi. Ke da ko makullin gida mantawa kike yi..."

"To. Makullin gida." Ta ɗauki tutarta ta koma bakin taga.

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Shekararta ashirin da shida, injiniya ce a ɗaya daga manyan gine-ginen adana bayanan kwamfuta na garin Sterling, ana tashin ta daga barci in na'urori sun rikice. Amma shi in ya dube ta, yarinyar da ya riƙe wa hannu suna tsallaka titin Zoo Road a Kano yake gani, tana kallon mai balan-balan maimakon motoci. Kuma akwai wani abu da ko ita bai faɗa wa ba. Tun yana yaron gareji a Ƙofar Ruwa yake leƙen irin wannan tsere a talabijin ɗin maigidansa, yana burin wata rana ya ga motocin nan sun nufo shi gaba da gaba. Yau ga su a garin da yake zaune, shi kuma an ce ya juya musu ƙeya.

Ƙarfe biyu da rabi aka sake su.

Ƙarar ce ta fara isowa, ta ratsa abin toshe kunnensa ta sauka a ƙirjinsa. Ƙasa ta ɗauki rawa. Sai ga su sun fito ta gefen kafaɗarsa ɗaya bayan ɗaya, ja, baƙa, shuɗiya, fara, a manne da kwalta, iskarsu tana bugun rigarsa. Warin taya da mai ya cika wurin. Malam Fatihu bai san lokacin da ya ce "Tabarakallah!" ba.

Kai, mutanen nan sun iya tuƙi! Titin nan ya san shi kamar tsakar gidansa. A nan yake shafe minti ashirin a cunkoso da fasinja yana duba agogo, a nan kyamara ta taɓa kama shi don ya ɗan ɗara mil talatin. Ya san inda kwaltar ta ɗan tasa, ya san murfin magudanar da ke girgiza mota. Su kuwa suna tahowa a mil ɗari da saba'in, su taka birki a wuri guda kowane zagaye, su fito daga kwanar tayarsu ta baya tana wuce kankare da tazarar da ba ta fi yatsu huɗu ba. Akwai wata baƙar mota mai lamba tara da ya sa wa ido. Direbanta har ɗan shafar katangar yake yi, ya bar baƙin layi, zagaye na gaba ya sake shafar daidai wurin. Wanda ya riƙe sitiyari shekara ashirin da biyu ya san abin da wannan ke nufi. Can ƙarshen titin ga ƙubbar majalisa fara fat cikin rana, motocin suna ƙanƙancewa suna nufar ta.

Wuyansa dai bai daina ƙaiƙayi ba. Duk ƙarar birki sai ya ji kansa yana son juyawa. Ya kafa idonsa a kan titi, gefen idon kuma yana kan fuskar Radiyya, taku ɗaya a gabansa. Ba ta kallonsa ko kaɗan. Idonta na can bayansa, leɓenta na motsi tana lissafa motoci, lokaci-lokaci ta cilla shuɗiyar ta dawo da ita.

A zagaye na arba'in da bakwai ya ji abin da yake tsoro. Taya ta yi kururuwa a bayansa, doguwa, ba irin ta kullum ba. Sai wani ƙum! Jama'ar da ke kan benaye suka ɗauki ihu. Ya ga idon Radiyya ya buɗe. Duk jikinsa ya ce masa juya, Fatihu, juya ka gani. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini. Ba ta taɓa shi ba, don haka bai motsa ba.

Wata farar mota ta shigo gabansa a karkace, ta juya sau ɗaya, ta tsaya a gicciye a tsakiyar titi, daidai inda mai shigowa kwanar ba zai gan ta ba. Injinta ya mutu. Yana hango hular kwanon direban, kan ya juyo yana kallon inda sauran za su ɓullo.

Kafin motar ta gama tsayawa tutar Malam Fatihu tana waje. Ya zura hannu har kafaɗa yana kaɗawa da duk ƙarfinsa. Ya ji Linda tana ihu a oba-oba. Ya ji injuna suna sauke murya a bayansa ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta raɓa ta wuce ta hagu. Ta biyu ta bi ta. Mai lamba tara ta zo da sauran gudu, ta lanƙwasa ta bi ta wani ɗan tsukin da shi ko da keke ba zai gwada ba.

Sai aka fizge shi.

Hannu biyu suka damƙi bel ɗinsa suka yi ƙasa da shi, gwiwarsa ta daki kwalta. Wani abu ya shigo ta tagar da ƙara, ya wuce ta inda kansa yake yanzun nan, ya fasa kular da ke bayan Radiyya. Ƙanƙara da robobin ruwa suka watse. Wani baƙin ɓallin fiffiken mota ne, tsawon hannu, bakinsa kamar na fasasshen faranti.

Radiyya tana durƙushe a kansa tana haki.

"Tashi, Abba! Tuta!"

Ya miƙe da ɗingishi ya sake zura hannu. Bai duba abin da ya faru a baya ba. Ya yi ta kaɗawa har motar jami'ai mai fitilu ta fito ta tattara su a bayanta suna tafiya a hankali, masu jan mota suka zo suka ɗauke farar. Direban ya fito da ƙafarsa. Da zai hau motar asibiti ya juyo wajen kwana ta bakwai ya ɗaga hannu.

Malam Fatihu ya sauke tutarsa. Ya dubi fasasshiyar kular, ya dubi 'yarsa. Ɗankwalinta ya zame, gwiwar hannunta ta kuje. Tsoro ya kama shi, da kunya, da wani alfahari da ya cika masa ƙirji.

"Kin ji ciwo?"

"A'a. Kai fa?"

"Gwiwa ce kawai." Ya shafa gwiwar. "Ta yaya kika gan shi?"

"Wata mota ce ta taka tarkacen farar, ya tashi sama. Ina kallonsa tun daga can." Ta gyara ɗankwalinta. "Karon farkon ba zai iso gare mu ba, shi ya sa na ƙyale ka."

Linda ta ɗauki ɓallin ta jujjuya shi, ta jefa bayan katanga. Ta ɗaga gefe ɗaya na na'urar kunnenta.

"Daga ofis sun ce a gaida mai rawayar kwana ta bakwai," ta ce. Ta dube shi. "Radiyya ta gaya mini tun kana yaro kake son ganinsu suna tahowa. In an kusa gamawa, zagaye biyar na ƙarshe, ku yi musanya. Zan tsaya kusa da kai in taya ka da shuɗiyar."

Ashe yarinyar ta sani. Ya dube ta, ta kawar da kai tana murmushi.

Aka sake sakin motocin. Zagaye ya yi ta tafiya, rana ta karkata ta fara dukan ƙeyarsa. Da ya rage biyar Linda ta taɓa kafaɗarsa, Radiyya ta miƙo masa shuɗiyar. Ya dubi tutar. Shekara arba'in yana jiran wannan, kuma wa ya san ko tseren zai sake dawowa garin nan yana da ƙafar tsayuwa?

Ya girgiza kai. Ya nuna mata wurinta da haɓa.

Ta tsaya tana kallonsa, sai da ya sake nuna mata, sannan ta mayar da idonta kan titi.

A zagaye na biyun ƙarshe jama'a suka tashi tsaye gaba ɗaya, ihunsu ya danne ƙarar injuna. Wani abu ya faru a bayansa, babba. Radiyya ta daka tsalle, bakinta a buɗe, tana dariya. Sai ga mai lamba tara ta fito daga kwanar ita ce a gaba, jar da ta ja ragama tun farko tana biye da ita.

"Me ya faru?" ya ɗaga murya, idonsa na kan titi.

Ta matso kusa da kunnensa ba tare da ta ɗauke ido daga bayansa ba.

"Abba, ba za ka yarda ba! Zan ba ka labari a mota."

"To," ya ce. Ya gyara tsayuwa a kan ƙafar da ba ta ciwo, ya ƙara damƙe sandar tutarsa.