Wutar Guadalupe a Ƙarƙashin Tukunyar Wake

Shekara goma sha ɗaya Remedios tana yi wa masu gudun kawo wutar coci girki a bayan mota, sai bana aka ce ita za ta shiga gari da sandar wutar. Murna har ta hana ta karyawa. Jiya aka kunno wutar a gaban hoton Uwa Maryamu ta Guadalupe, can babban birni, mutum arba'in suna ta miƙa wa juna ita a guje, kuma da ita za a kunna kyandirorin cocin garinsu. Remedios ta ɗaukar wa Uwar wannan alkawari ne tun ranar da 'yarta ta sha da ƙyar a wurin haihuwa.

Saura kilomita uku aka damƙa mata sandar. Mace mai shekara hamsin da biyu, ga jiki, amma ta zuba a guje kamar an ce mata tukunyarta na ƙonewa. Har ta fara jiyo ƙararrawar coci, sai wata tirela ta wuce fuu, iskarta ta kashe wutar.

Ba ta damu ba, don akwai fitilar ajiya a mota, wadda aka kunna da wutar asali. Ta juya wajen Nabor direba, uban baftismar 'yarta, ta ga yana sosa ƙeya. Saboda wannan zumuncin baftisma yake kiranta komadre, ita kuma take kiransa kompadre. Ashe gogan ya manta bai ƙara kananzir ba, fitila ta mutu tun safe, ya yi gum da bakinsa.

"Komadre, kwantar da hankalinki," in ji shi, ya zaro ashana. "Wuta ai wuta ce. Wa ya gani?"

"Ni na gani, kompadre. Ita ma Uwar ta gani. Mayar da abarka, ka kunna tabarka da ita."

"To me za mu kai wa gari? Hayaƙi?"

Ranta ya ɓaci matuƙa, hawaye ya cika mata ido. Sai wani daga cikin masu gudun ya ce a ƙauyen da suka baro wata tsohuwa ta tare shi, ta kunna kyandir a jikin sandar. Remedios ba ta jira ya rufe baki ba, ta juya ta nufi baya da gudu. Sauran suka rufa mata baya cikin fararen rigunansu, suna rera waƙar Uwar, Nabor na biye da mota yana ta danna hon don kunya. Masu jira a bakin hanya da furanni suka saki baki.

"Baiwar Allah, garin yana bayanki fa," wani ya ce mata.

Kilomita huɗu ta ci kafin ta faɗa tsakar gidan tsohuwar tana haki.

"Kaka, ina kyandir ɗin?"

"Na hure shi, 'yata. Na ajiye shi saboda gobe."

Remedios ta zauna daɓas a ƙasa.

"Amma fa sai da na hura murhu da shi," tsohuwar ta ƙara, tana nuna madafa da ludayi. "Duk shekara da wutar Uwa nake dafa waken biki. Ya fi nuna."

Remedios ta rarrafa ta cusa sandar ƙarƙashin tukunya, wuta ta kama bal. Tana kuka tana dariya ta sumbaci hannun tsohuwar, ta kare harshen wutar da mayafinta, ta sake kama hanya. Wannan karon Nabor ya gindaya motarsa a titi, ko keke bai bari ya wuce ta ba.

Da ta iso, gari ya ɗauka da ganguna da ƙararrawa, ana watsa mata furanni. Fada, limamin cocin, yana tsaye a ƙofa, rana ta gasa shi, ya haɗe rai.

"Remedios, awa biyu muna jira. Me ya tsayar da ku?"

Ta miƙa masa sandar da hannu biyu.

"A yi haƙuri, Fada. Uwar ce ta tsaya taya wata tsohuwa girki."