Uwar Ba Ta Karɓa Ba

Gwaggo Dije ba ta laɓe, in dai ta bakinta za ka bi. Kawai a jikin katangar soro take shimfiɗa tabarma bayan la'asar tana tsinkar zogale, kuma katangar gidajen unguwar Soron Ɗinki ba ta iya riƙe sirri ba. Ita ta raini Abdulbaqi tun rasuwar ƙanenta, mahaifinsa, kuma duk faɗin gidan su biyu suka rage. Tsoronta ɗaya ne a duniya, ranar da za ta ƙwala masa kira ta ji shiru.

Lokacin mulki bai daɗe da komawa hannun farar hula ba, salula ta shigo gari, samari sun koyi magana ƙasa-ƙasa. Abdulbaqi ma ya koya. Kullum yana soro da abokinsa Mikail, mai shagon kayan wuta a Koki, suna ta ƙus-ƙus. Ran nan ta ji Mikail yana cewa:

"Akwati kam an gama, ya yi kyau. Matsalar uwar ce, ba kowanne take karɓa ba."

"To in ta ƙi fa?" in ji Abdulbaqi.

"Sai mu canja dabara. Bazawara ce, amma ba ta daɗe a hannu ba. Zafi ne kawai da ita."

Zogale ya tsaya a hannun Gwaggo. Akwati, uwa, bazawara, ga kuma zafi. Ko yaron goye ya san inda aka dosa. Wato har an haɗa lefe ba da saninta ba, ita da ta wanke masa kashi! Kuma a rasa wadda za a ɗauko sai mai zafin rai, wadda uwarta ke yanga. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Amma can ƙasan ɓacin ran, sai ta kama kanta tana duban ɗakin kudu, tana tunanin in aka yi masa daɓe da farar ƙasa zai ɗauki amarya.

Da ta miƙa masa tuwo ta ce, "Abdulbaqi, ba ka da wani labari da za ka ba ni?"

Ya sunkuyar da kai cikin kwano. "Sai abu ya tabbata tukuna, Gwaggo."

Ta san wannan sunkuyon tun yana satar mata ƙuli-ƙuli. Ruwa ba ya tsami banza. Washegari da hantsi, yana fita aiki, ta yafa mayafi ta nufi Koki.

Ta tarar da Mikail a shago cikin wayoyi da kwalaye. Ya zabura ya durƙusa yana gaishe ta, ta amsa a daƙile.

"Ba zama na zo yi ba. Kai ni wajen uwar."

"Wace uwa, Gwaggo?"

"Wadda ba kowa take karɓa ba. In ji me ɗana ya rasa."

Mikail ya yi sororo. Can sai ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya jawo wani kwali ya fito da koren faranti mai ƙananan ƙarafa birjik, ya ɗora a kan tebur.

"Ga ta nan, Gwaggo. Turawa ne suka ce mata uwa, mu ma muka bi. Kwamfuta muke haɗa masa, ta wasan gem. Komai a jikin wannan ake dasa shi."

Gwaggo ba ta yarda nan take ba, don ta san bakin abokai ɗaya ne. Ta ce a nuna mata akwatin. Ya nuna mata wani baƙin gidan ƙarfe, cikinsa wayam. Ta ce bazawarar fa? Ya ce uwar ce dai, ta hannu ce, wani ya ɗan yi amfani da ita. Ya ɗauko katin da ke fitar da hoto, ya gwada mata yadda bakinsa ya ƙi shiga ramin da ke jikin farantin, shi ya sa suke neman wani. Ya ce in wasa ya yi wasa ƙwaƙwalwar da ke jikin uwar na ɗaukar zafi, don haka sai an zaɓo mata fanka mai ƙarfi. Gwaggo ta leƙa akwatin har sau biyu, ko za ta ga ƙyallen atamfa.

Sai ta zauna a kan benci ta yi dariya har da hawaye. Ta ce gardi da gemu ya zauna yana zaɓar wa abin wasa uwa, Allah ya shirya. Mikail ya ga ta sake, bakinsa ya buɗe.

"Ai saura kaɗan, Gwaggo. Da sabon katin ya zo za mu haɗa, mu kai ta can."

"Can ina?"

"Ɗakin da ya kama a wajen gari mana. Wutar cikin gari ba za ta riƙe ta ba, yau akwai gobe babu, ga ta ba ƙarfi. Can layinsu ba a cika ɗaukewa ba. Ƙarshen wata zai tare."

Sai da ya ga fuskarta ya gane ba ta sani ba. Ya shiga kame-kame, wai ba nisa, wai kullum zai riƙa leƙowa. Ana haka Abdulbaqi ya yi sallama, riƙe da ƙaramar fanka a leda. Ya dubi Gwaggo, ya dubi Mikail, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Gaskiya ne?" ta tambaye shi.

"Da ma ina so in gaya miki, Gwaggo. Na rasa ta inda zan fara."

Ba ta yi faɗa ba, faɗan da ta ƙullo tun daga gida na wata ne daban. Ta miƙe ta gyara mayafi, ta daɗe tana kallon koren farantin a kan tebur. Baƙin ciki ya cika ta.

"Da mace ce," ta ce, "ai gidanmu za a kawo ta."

Abdulbaqi ya kauce daga bakin ƙofa ta wuce. Ya ce zai tsayar mata da ɗan acaɓa, ta ce ƙafarta lafiya lau.