Lemun Baba Direba

"Nan ne fa," in ji maigidana, Baban Aku, yana jujjuya takardar da ke hannunsa. "Baba Direba ya ce a sauka bayan asibiti, a yi dama. Mun sauka, mun yi dama."

Na dubi inda aka ce mana akwai lambu mai lilon yara da famfo mai feshin ruwa. Gidan mai ne, motoci sun yi layi har bakin titi. Aku tana goye a bayana, tana dukan kafaɗata tana tambayar ina lilon. Mai zuba man ya ce shekararsa shida a wurin, ko ciyawa bai taɓa gani ba. Muka sayi ruwan sanyi muka sha a tsaye, muka tsallaka titi muka jira motar komawa. Yawon wannan Lahadin ke nan.

Watanmu huɗu a garin a lokacin. Maigidana ya sami aiki a kamfanin roba, yana tsaye gaban inji daga Litinin zuwa Asabar, ya dawo ƙafafunsa a kumbure. Ni kuwa ina hawa na uku, ciki da falo, tagarmu tana kallon bangon wani gida. Ban san kowa ba sai 'yarmu mai shekara uku, wadda muka sa wa Aku saboda bakinta ba ya hutawa. Ranar Lahadi, da ya kamata mu huta, a ranar muke faɗa. Shi yana son barci, ni ina son in ga sama.

Bango ɗaya ya raba mu da Baba Direba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas ɗin cikin gari, har ciwon suga ya cinye masa ido, daga baya ya taɓa ƙafa. Rabonsa da sauka ƙasa an daɗe. Kullum yana kan kujerar roba a bakin ƙofarsa, yana gane mutanen gidan da takunsu. 'Yarsa nas ce, tana leƙo shi safe da yamma, muna kiranta Anti Nas.

Wata Lahadi da muka gama ɗaga wa juna murya, maigidana ya fito yana huci, sai tsohon ya tare shi.

"Ɗana, ɗakin nan ya yi muku kaɗan ranar hutu. Kira mini maman yarinyar, ta zo da biro."

Ya riƙa faɗa ina rubutawa: lambar motar da za mu hau, inda za mu sauka, har gefen da za mu zauna don kada rana ta gasa mu. Ladansa ɗaya ne. In mun dawo, mu zauna mu ba shi labarin hanya tun daga tashar farko.

"Kada ki tsallake mini tasha, 'yata," yakan ce. "Direban da ke tsallake tasha ɓarawo ne."

Albarkacinsa muka san garin. Mun je gidan namun daji, inda muka tarar da wani tsohon zaki da ko kallonmu bai yi ba. Mun tsaya a jikin wayar filin jirgi, Aku tana yi wa jirage ihu su dawo. Sai dai garin da ke cikin kan Baba ya tsufa da shekara goma sha biyu, shi kuwa na waje bai tsaya jiransa ba.

Ranar gidan man nan, muna hawa matakala maigidana ya ce, "To, me za mu ce masa?"

"Gaskiya mana," na ce.

Muka tarar da shi ya gyara zama, fuskarsa a sake. "Famfon nan yana feshi har yanzu?"

"Yana yi, Baba," na ji bakina ya faɗa. "Har ya jiƙa wa Aku riga."

Daga ranar na zama gwana. In wurin yana nan, in faɗi abin da na gani. In an rushe, in gina masa sabo, har da fenti. Maigidana yakan sunkuyar da kai yana sosa ƙeya, in mun shiga ɗaki ya ce, "Maman Aku, wallahi ke kam a rediyo ya kamata a ɗauke ki aiki."

Da damina ta ja baya, jikin Baba ya motsa. Aka shigar da kujerar ciki, ya koma gado. Ɗakinsa warin magani, ga hular aikinsa rataye a ƙusa, ga rediyo a gefen matashi da ba ya ko kunnawa. Wata yamma ya sa aka kira mu duka biyu.

"Wannan ba yawo ba ne, aike ne," ya ce. "Lamba tara za ku hau, har inda ta ƙare."

A wannan hanyar ya yi shekarunsa na ƙarshe. Direba yana da hutun minti goma a tashar ƙarshe kafin ya juyo. Wata rana ya matse lemun tsami a shayinsa, ya tura 'ya'yan cikin ƙasa da ɗan yatsa a bayan rumfar direbobi. Ɗaya ya tsiro. Shekara huɗu yana juye masa sauran ruwan gorarsa, sau shida a rana. Abokan aiki suna tsokanarsa wai ya yi ɗan auta. Lokacin da ido ya sa ya ajiye aiki, bishiyar ta kai masa ƙugu.

"Ina so in san ko tana nan. Shi ke nan abin da nake so."

Muka ce in sha Allahu ranar Lahadi. Awa biyu ce tafiyar, awa biyu dawowa, ga canjin mota. Lahadin farko aka kira maigidana aiki. Ta biyu Aku ta kwana da zazzaɓi. Ta uku babu wani dalili, gajiya ce kawai. Ya kwanta rigingine ya ce ko wuta aka sa wa gidan ba zai tashi ba, ni ma ban ja da shi ba, don wanki ya karya mini baya.

Abin da muka yi ranar, har yau in na tuna kunya takan rufe ni. Da safe muka buɗe ƙofa da ƙarfi, na ɗaga murya na ce, "Baba, mun tafi!" Muka rufe ta daga ciki. Yini guda muna ɓoye a cikin ɗakinmu, muna magana da raɗa, ba girki, ba kunna famfo, an toshe bakin Aku da waya da biskit. Manya biyu da hankalinsu. Da la'asar sakaliya muka sake buɗe ƙofar, muka yi ta buga ƙafa a kan matakala, sannan muka yi sallama.

Na zauna a bakin gadonsa na fara. Bishiya ta yi girma, ta yi inuwa, an sa benci a gindinta, 'ya'ya har ƙasa. Yana saurare, idanunsa a rufe.

"Madalla," ya ce. "Ɗana, gadar nan fa ta bayan kasuwar katako, an gyara ta?"

"An gyara, Baba," in ji maigidana da sauri. "Sumul."

Tsohon ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Babu gada a hanyar lamba tara, 'yata. Kuma tun safe nake jin tarin yarinyar nan ta bango."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Ban ji haushi ba," ya ce. "Lambun nan ma na san an rushe shi tun ina gani da idona. Na manta ne na tura ku, da kika ce yana feshi kuma sai na ji daɗi, na bar ki. Kin iya labari. Amma wannan ɗin gaskiyarsa nake so. Ko an sare ta, a ce mini an sare."

Muka fito ba wanda ya dubi wani.

Satin nan a kan yatsu nake wuce ƙofarsa. Ranar Laraba Anti Nas ta ce mini ya daina karɓar abinci, sai ruwa a cokali. Na ce wa maigidana ya nemi hutun yini ɗaya, ya ce sabon ma'aikaci ba ya neman hutu, akwai mutum goma a bakin ƙofa suna jiran injinsa. Da na so, da na goya Aku na tafi ni kaɗai. Tsoron garin ya hana ni, ban taɓa canjin mota ba tare da shi ba. Na ce wa kaina kwana huɗu ba wani abu ba ne.

Ranar Lahadi tun ƙarfe tara muka shirya. Baba yana barci, Anti Nas na zaune a gefensa da kofi a hannu.

"In ya farka ki ce masa mun tafi," na ce. "Da gaske."

Motar farko ta cika maƙil, muka yi rabin hanya a tsaye. Muka yi kusan awa guda muna jiran lamba tara a rana. Da ta zo, na fito da biro ina rubuta tashoshin a bayan wata tsohuwar takardar kwatancen Baba, ɗaya bayan ɗaya, don kada in tsallake ko guda. Gidajen suka yi ta gajarta, kwalta ta ƙare, fasinjoji suka yi ta raguwa har ya rage mu kaɗai. Direban ya kashe mota ya ce, "An zo."

Babu rumfar direbobi. Fili ne da tsoffin tayoyi da kwatami. Muka zagaya sau biyu, sai maigidana ya taɓa ni ya nuna.

Tana nan. Ba ta yi wani girma ba, da kaɗan ta fi shi tsawo, a karkace, ganyen duk ƙura da baƙin mai. Wani mai faci ya kafa sana'arsa a gindinta, ya rataye tubu uku a reshe.

"Malam, sannu da aiki," in ji maigidana. "Bishiyar nan tana 'ya'ya kuwa?"

"Wannan? Tana yi, ƙanana masu tsamin tsiya. Yara ba sa barinsu su nuna." Ya dube mu sama da ƙasa. "Taku ce?"

"Ta wani babanmu ce."

"To ku gaya masa ni ke ba ta ruwa. Na bahon gwada tubu nake juye mata kullum in zan tashi. Ba don komai ba, inuwar nake so."

Maigidana ya yi dariya, rabon da in ji irinta tun kafin mu zo garin. Ya ce tunda Baba ba ya gani, hoto ba zai yi masa amfani ba. Ya miƙa hannu ya tsinko ganye biyar, ƙaya ta soke shi, ya goge su da gefen rigarsa ya sa a aljihu.

A hanyar dawowa muka shiga cunkoso. Aku ta yi barci a kafaɗarsa. Ni ina ta jera maganar a raina, yadda zan fara daga tashar farko, in ajiye mai facin sai ƙarshe.

Tun daga hawa na biyu na ga takalma. Sun cika bakin ƙofar Baba har sun gangaro matakala, na maza da na mata, waɗanda ban sani ba. Anti Nas ta fito, idanunta sun yi ja.

"Maman Aku, sai haƙuri. Baba ya cika."

Muka yi salati. Na tambaye ta yaushe, ta ce wajen ƙarfe ɗaya.

"Na gaya masa kun tafi," ta ce. "Sai ya riƙa tambayata lokaci. In na faɗa, ya ce yanzu suna jiran canji. Can ya ce yanzu sun wuce makarantar 'yan mata. Da na ce sha biyu da rabi, ya ce to sun kai kasuwar katako, saura tasha uku. Daga nan bai ƙara magana ba."

Aka kira ta daga ciki, ta koma.

Maigidana ya zauna a kan matakala, Aku tana barci a kafaɗarsa, bakinta a buɗe. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ganyen, duk sun yamutse. Ya dubi ƙofar, ya dubi hannunsa. Mutane suna hawowa suna raɓa mu, shi kuwa yana zaune yana murza ganyen a hankali tsakanin yatsunsa, har ƙamshin lemun tsami ya cika matakalar.